Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne: yadda nake raba gida da lantarki kafin aikin wayarin

Maganar da na fi ji daga bakin masu gida idan na je canja akwatin bireka (makunnan da ke yanke wuta da kansu idan ta yi yawa) ko jan sabon layin soket ita ce: "Malam, ai ka zo a daidai, tun asuba suka ɗauke. Yi sauri ka gama kafin su kawo." Da kyakkyawar niyya suke faɗa. Amma ni a sana'ar nan babu lokacin da nake ɗari-ɗari da waya kamar lokacin da aka ce babu wuta. Wanda ya ɗauke ta yana can wata tasha, bai san da zamanka ba, bai san hannunka na cikin akwati ba, kuma idan zai mayar ba zai turo yaro ya yi sallama ba. Wayar da zan yarda in kama ita ce wadda ni da kaina na raba ta da duk inda wuta ke shigo mata, na kulle, makullin na aljihuna, sannan na auna na ga babu komai. Abin da ya gaza haka, a wurina waya ce mai rai, ko da unguwar ta kwana uku a duhu.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce tsakanin layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda wutar ke komawa ta cikinta), tsakanin fes biyu kuma, wato layukan layif biyu daban-daban, tana kai 400 zuwa 415. Mutane sun raina ta saboda kusan kowa ta taɓa fizgarsa ya sha. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki da hanyar da ta bi, musamman idan ta shiga ta hannu ɗaya ta bi ta ƙirji. Na'urar kariya ta RCD da ake sa wa gidaje an tsara ta ta yanke a miliamf 30 (miliamf kashi ɗaya ne cikin dubu na amf, ma'aunin yawan wuta), domin daga nan zuwa sama bugun zuciya na iya rikicewa. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan ninki tara na wannan. Sai ka haɗa da yanayin da muke aiki: watan Afrilu, cikin silin, ƙarƙashin kwano, gumi ya jiƙa riga sharkaf. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya.

Ka fara sanin ta ina take shigowa

A ƙasashen da wuta ɗaya ce ke shiga gida, a kashe babban makunni a kulle ya kusa isarwa. A Kano wannan kulle ƙofa ɗaya ne a gida mai ƙofa huɗu. Shi ya sa kafin in buɗe jakar kayan aiki sai na zagaya gidan ciki da waje, maigida ko babban ɗansa na biye da ni, ina bin kowace waya da ido har in ga inda ta fito da inda ta shiga.

Daga falwaya nake farawa. Waya biyu suka sauko, fes ɗaya ke nan. Huɗu ne, fes uku da nutural. Gidaje da yawa za ka tarar da katawut uku, wato mazaunin fis, a jere a bango, ana zare fis daga wannan a mayar wancan, duk layin da ya fi ƙarfi a ranar. A irin wannan gida, ka zare fis ɗin ma, bakin shigowa uku ne ke nan a buɗe, kowanne na iya samun wuta a lokacin da sauran biyun suke a mace.

Sai janareta. Ba ganinsa a kashe ne ya dame ni ba, yadda aka haɗa shi da gidan nake dubawa. Ta cenji-oba ya bi, wato makunnin da ke juya gida tsakanin wutar NEPA da ta janareta, ko kuwa irin wayar nan ce mai kai biyu da ake cusawa a soket ɗin falo? Idan cenji-oba ce, ta hannu ce ko mai canja kanta? Idan babban janareta ne mai tashi da kansa da zarar an ɗauke wuta, to ka sani kashe babban makunni da za ka yi shi ne zai tashe shi.

Sai inbata da sola, waɗanda yanzu suka cika gari. Aikin inbata ke nan: ta ga layin NEPA ya mutu, ta karɓa cikin ƙiftawar ido, har talabijin ba ya ko girgiza. Mutum zai kashe babban makunni, ya ji ƙarar "ƙas", ya ɗauka an gama, alhali rabin gidan na nan da wuta cikakkiya daga batir.

Akwai kuma waɗanda ba a faɗa sai an tambaya. Shagon da ke jikin gidan yana shan wutar maja, wato ta babban janaretan da ake raba wa shaguna suna biya, kuma wani ya taɓa tsallako da ita zuwa fankar zaure. Maƙwabci ɗan'uwa ya jefo waya ta kan katanga daga janaretansa tun wani azumi, aka manta da ita. Famfon rijiyar burtsatse ko fitilar ƙofar gida an ɗauko su daga bayan babban makunni, ba su taɓa bi ta akwatin bireka ba. Mafi muni ita ce wayar baifas, wadda aka ɓoye cikin bango ko silin ta kauce wa mita don esi ko hita. Wannan duk abin da ka kashe a gidan tana nan da ranta. Ni kai tsaye nake tambaya, a gefe, ba a gaban iyali ba: "Alhaji, don girman Allah akwai wayar da ba ta bi ta mita ba? Ba ƙara zan kai ba, raina nake karewa." Yawanci sai a yi ɗan shiru, sannan a nuna mini. Ba na aiki a gidan sai an cire ta. Laifi ne a doka, kuma waya ce da babu fis ko bireka a gabanta, idan ta haɗu gobara ce.

Inda huruminka ya tsaya

Wayar da ta sauko daga falwaya, da mita, da duk abin da aka ɗaure da hatimi, hurumin kamfanin rarraba wuta ne. A Kano da Katsina da Jigawa KEDCO ke nan tun da aka miƙa kamfanonin ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013. Fasa hatimi ko taɓa cikin mita laifi ne a Dokar Wutar Lantarki ta 2023, hawa falwaya kuwa ba ma abin tattaunawa ba ne.

Ga inda matsalar take ga mai canja akwatin bireka. Buɗe murfin ka kalli babban makunnin: wayoyi masu kauri biyu sun shigo masa daga mita, wasu sun fita zuwa ƙananan birekoki. Idan ka sauke shi, ɓangaren fita ne kawai ya mutu. Sukurorin nan biyu na shigowa suna nan da wuta, tazararsu da inda yatsunka ke aiki ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Idan kuwa akwatin gaba ɗaya za a cire, dole ka kwance waɗannan wayoyin, ka zaro su ta ramin akwatin ƙarfe. Ba a yin wannan da wuta, ko da salatif nawa ka naɗa.

Saboda haka ana buƙatar wurin yankewa tsakanin mita da akwatin. Wasu gidajen suna da giya-suwic (babban makunni mai hannu a akwatin ƙarfe) ko katawut a ɓangaren maigida, bayan mita. Idan akwai, madalla. Idan babu, a je ofishin kamfani na yankin a nemi su zo su yanke, a jure jiran. Kuma ranar da suka yanke, abu na farko da nake ɗaurawa shi ne makunnin raba layi mai amf 63 ko 100 gwargwadon nauyin gidan, mai yanke layif da nutural tare, ko mai baki huɗu idan fes uku ne, kuma mai ramin sa kwaɗo. Masu gida kan yi ƙorafin kuɗinsa, amma daga ranar babu mai sake zuwa ofishin kowa don zai yi gyara.

Mita mai kati ta kawo wata sabuwar yaudara. Kati ya ƙare, gida ya yi duhu, sai a ce ai a mace take. Wani ɗan makunni ne a cikin mitar ya buɗe, kuma duk wanda ya danna lambobi 20 ɗin nan a madannin da ke ɗaki ya rufe shi. Yaya na kasuwa zai sayi wuta ta waya ya turo wa ƙanwarsa lambar, ita kuma ta ga taimako take yi.

Ga maigida kuma: idan aikin ya kai canja akwati ko sabon wayarin, ka tambayi ma'aikacin takardar shaidarsa ta NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa tantance masu wannan aiki. Wanda yake da ita ba ya jin haushin tambayar.

Kashewa

Kafin in taɓa ko makunni ɗaya sai na sa an sanar da cikin gida. "A gaya wa Hajiya za mu kashe komai har la'asar. A tura ruwa tanki yanzu, a yi cajin waya, a yi markaɗe, abin da ke firiji a san yadda za a yi da shi." Wannan ba ladabi kawai ba ne. Babu mai tayar da janareta don mugunta. Ruwa ne ya ƙare ana tsakiyar wanki, ko zafi ya dami jariri. Ka biya wa mutane buƙatarsu tun farko, ka rage masu zuwa wajen makunni.

Daga ƙarami ake farawa a hau zuwa babba. A kashe esi, hita, famfo, firiji, a zare filoginsu. A sauke ƙananan birekoki ɗaya bayan ɗaya, sannan babban makunni, sannan na kusa da mita. Dalili shi ne makunni ko fis da aka buɗe yana ɗauke da kaya yana yin tartsatsi, a tsohon giya-suwic mai sassauƙan haƙora tartsatsin na iya zama ƙwallon wuta a fuskarka.

Idan katawut ne na ɓangarenka za ka zare, ka tsaya kan busasshen katako ko tabarmar roba, takalmi a ƙafa, safar hannu ta aikin wuta a hannu, ka kawar da fuska gefe, ka zare shi a tsaye da jan guda ɗaya, ba ana girgiza shi ba. Wanda ya tsage, ko ya yi baƙi, ko ya narke a gefe, kada ka ja shi, yana iya tarwatsewa a hannunka. Wannan a yanke daga sama. Bayan ka zare, ka tuna ƙarfen bakin shigowa yana nan tsirara, a rufe shi yadda yaro ba zai kai yatsa ba.

Janareta a kashe, a zare wayarsa daga jikinsa gaba ɗaya, a ɗauke makulli. Mai tashi da kansa a mayar da shi kan "kashe" a allonsa, a kwance kan batirinsa na nagetif. Cenji-oba a tsayar da hannunta a tsakiya, amma kada ka dogara da ita kaɗai: da yawa daga cikin na kasuwa layif kawai aka bi da su, nutural ɗin NEPA da na janareta da na gida duk a murɗe suke wuri guda.

Inbata kowace da tsarin da littafinta ya faɗa, a bi shi. Abin da ya zama gama-gari shi ne a kashe fitarta zuwa gida, a kashe wutar da ke shigar mata, a kashe makunnin sola, sannan na batir. Inda akwai caja-kwanturola daban, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga sola, sola ake fara cirewa kafin batir, in ba haka ba tana iya ƙonewa. Sola kuwa ba ta da makunni a jikinta. Muddin rana na sama, faranti na ba da wuta. Babban faranti ɗaya yana kai bolt 40 zuwa 50, idan aka jera takwas an haura 300, kuma wutar DC ce, irin ta batir, wadda idan ta kama tartsatsi ba ta saurin mutuwa kamar ta NEPA. Don haka wayoyin da suka sauko daga rufi har zuwa makunnin sola masu rai ne duk yini, kuma ba a zare mahaɗansu suna ɗauke da kaya. Batir mai bolt 24 ko 48 ba kasafai yake jan mutum ba, amma sifana ta faɗa kan kawunansa biyu sai ta narke. Zobe da agogon ƙarfe a cire su tun a ƙofa.

Kwaɗo

Salatif da aka manna a kan bireka ba kulle ba ne. Yaron da aka ce ya tsaya gadi ma ba kulle ba ne, da an aike shi sayen kankana shi ke nan. Kwaɗo nake sawa a makunnin, ko a ƙofar akwatin, makullin ɗaya ne kuma yana jikina. Fis ɗin da na zare a aljihuna yake kwana, ba a kan mita ba, ba a kan taga ba. Idan mu biyu ne a aikin, kowa da kwaɗonsa, yadda ba za a iya kunnawa ba sai kowa ya sauko ya buɗe nasa. Inda babu yadda za a sa kwaɗo, ina kwance wayar fita daga makunnin bayan na tabbatar ta mutu, in rufe bakinta, in lanƙwashe ta gefe, ta yadda ko an ɗaga makunnin babu inda wutar za ta je.

Sai kwali da rubutu babba: "KADA A KUNNA, ANA AIKI A KAN WAYA", da lambar wayata. Ɗaya a akwati, ɗaya a jikin janareta, ɗaya a inbata. Maigadi kuma baki da baki nake gaya masa, don shi ne ya saba da an ɗauke wuta ya ruga ya ja igiya.

Awo, da tarkon da ke cikinsa

Testa mai kama da sukudireba, mai ɗan ƙwai a ciki, ita ce a aljihun kowane ɗan koyo, kuma ita ce na fara ƙwacewa. Da jikinka take cika zagayen wutar. Ka tsaya kan tsanin katako da takalmin roba, haskenta ya dushe. A hasken rana ma ba ka ganinsa sam. Idan ta kama, ta ce maka akwai wuta, ka yarda. Idan ba ta kama ba, ba ta gaya maka komai ba.

Abin awo mai baki biyu ake so, wanda aka yi don wannan aikin. Idan maltimita ce kawai a hannu, a duba wayoyinta ba su tsage ba, suna ramin awon bolt ba na amf ba, an kuma juya ta kan AC 600 ko 750. Awo hawa uku ne. A gwada na'urar a inda aka san akwai wuta, ta nuna. A auna wayar da aka kashe. A koma inda ke da wuta a sake gwada na'urar, don a tabbatar ba a tsakiyar awon ta mutu ba. A fes ɗaya ana auna layif da nutural, layif da at (wayar kariya da ke zuwa sandar da aka binne a ƙasa), nutural da at. A fes uku awo goma ne: kowane fes da ɗan'uwansa, kowanne da nutural, kowanne da at, sai nutural da at. Bakin at ko nutural ake fara ɗorawa, na layif ya biyo baya.

To ga tarkon, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. Idan NEPA ba ta nan a lokacin da ka auna, sifili za ka gani, ko makunninka ya yanke ko bai yanke ba. Ka kashe wanda ba shi ba, sifili. Haƙoran makunnin sun narke sun manne a ciki, hannun ya sauka amma bai raba komai ba, sifili. Akwai ɓoyayyiyar waya da ta kauce masa, sifili. Awon bai shaidi makunninka ba, ya shaidi duhun unguwa ne kawai. Shi ya sa na fi son in kashe gida a lokacin da akwai wuta: in ga 230 a bakin fita, in sauke makunni, in ga ta faɗi sifili alhali bakin shigowa na nan da 230. Sannan in zaga soket-soket da fitila-fitila na ɗakunan da zan taɓa. Duk wanda ya rage da wuta, ya tona asirin wata hanya da ban gani ba.

Idan dole ne a yi aikin babu wuta, to makunnin da ba na ganin cikinsa bai ishe ni ba. Sai rabuwar da ido ke gani: fis a hannuna, ko wuƙaƙen naif-suwic, makunnin da ake ganin cikinsa, a buɗe ina kallon tazararsu, nutural ma a rabe. Na'urar awon kuma in gwada ta a soket ɗin jikin janareta, bayan an raba shi da gidan. Kuma duk da haka, da na ji yara sun yi ihun an kawo wuta, sai in janye hannu in sake auna komai, domin yanzu ne awon zai faɗi gaskiya.

Abu biyu kuma game da awo. Gidaje da yawa wayar at ɗinsu ado ce, ba ta kai ko'ina ba, ko sandar da aka binne ta ruɓe. A irin wannan gida layif da at zai nuna sifili ko da wuta cike, don haka a gwada shi tun kafin a kashe. Sannan maltimita mai lambobi takan nuna bolt 20 ko 60 a wayar da ta mutu saboda ta kwanta kusa da mai rai a bututu ɗaya. Kada ka ce ai iska ce. Idan ka kashe komai, wace ce mai ran da take kwance kusa da ita?

Launin waya ma kada ya ruɗe ka. A tsohon tsari fes ja ne da rawaya da shuɗi, nutural baƙi. A sabon tsarin da Ingila ta koma tsakanin 2004 da 2006, fes ruwan ƙasa ne da baƙi da toka-toka, nutural shuɗi. Dukansu suna cikin gidajenmu, wani lokaci a akwati ɗaya. Ka ga ke nan baƙar waya na iya zama nutural ko fes, shuɗiya ma haka. Ban da mai wayarin da jar waya ta ƙare masa ya ƙarasa da abin da ya samu.

A tsofaffin gidaje ba na yarda in kashe bireka ɗaya in bar saura. Sau da yawa fitilar wani ɗaki ta ari nutural daga layin wani. Ka auna, sifili. Ka yanke nutural ɗin, sai wutar da ke dawowa ta cikin wancan ƙwan ta tsaya a bakin wayar da ke hannunka. Haka makunnin bango da aka ɗora a kan nutural: ƙwai ya mutu, amma mazauninsa na da wuta. Kashe fitila a bango bai taɓa zama kashe wuta ba.

Bayan an raba komai, akwai sauran abin da ya ɓoye a kafasita, ɗan ma'ajin wuta da ke cikin na'urori. Inbata, esi, famfo, sitabilaiza, duk suna riƙe caji na ɗan lokaci. Yawancin inbata an rubuta a jikinsu a jira minti biyar. A jira, sannan a auna, har da ɓangaren DC.

Kuma duk lokacin da na bar wurin, sallar azahar ce ko cin abinci ko zuwa kasuwa ƙaro waya, idan na dawo kwaɗo nake fara dubawa, sannan in sake awo. Minti biyu ne.

Idan ta kama wani

Kada ka cafke shi, ku biyu za ta haɗa. A yanke wutar idan makunni na kusa, in ba haka ba a ture shi ko wayar da busasshen katako. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a dinga danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya kira 112 ko ya nemo mota. Kada a tsaya neman madara ko manja. Wanda ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau ma a kai shi asibiti a duba zuciyarsa da inda wutar ta ƙona. Saboda wannan ne ba na shiga silin ni kaɗai a gida, kuma yarona ya san wurin kowane makunni kafin in hau.

Mayarwa

Kafin a kunna, ina ƙirga kayan aiki, in bi kowane sukuri in ƙara ɗaure shi, domin sako-sakon haɗi shi ke cin akwati da daddare. Sabon layi ana gwada shi da mega, na'urar auna lafiyar fatar waya, a bolt 500, bayan an cire duk wani kayan lantarki daga soket. Ƙasa da megohm 1 ba a kunnawa, a nemo inda fatar waya ta ji rauni. A mayar da murfi, a kira kowa da suna a ji ya amsa ya sauko, sannan a buɗe kwaɗo.

Kunnawa akasin kashewa ce: na kusa da mita, babban makunni, sannan ƙananan birekoki ɗaya-ɗaya, ana tsaye a gefen akwati ba a gabansa ba. A kowane soket a tabbatar layif na ramin dama, a danna maɓallin gwaji na RCD a ga ta faɗi. Inbata ita ce ta ƙarshe, batir kafin sola. Ina rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashin birekarsa, in manna takarda a murfin da ke cewa gidan nan yana da janareta da inbata da sola, da inda makunnin kowanne yake.

Idan aikin ya taɓa cenji-oba, akwai gwaji ɗaya da ba na tsallakewa. Makunnin kusa da mita a buɗe, a tayar da janareta, a juya gidan kansa, sannan a auna bakin cenji-oba na ɓangaren NEPA. Dole ya nuna sifili. Haka ma da inbata. Taransifomar unguwa da ke sauko da bolt 11,000 zuwa 415 tana aiki ta baya ma, wutar da ta zille daga gidanka za ta iya hawa layi ta tarar da ma'aikacin da ke kan falwaya, wanda shi ma aka ce masa an kashe. Idan awon ya nuna wani abu, a kashe janareta a kwance haɗin a sake shi daga farko.